Muryar surukata a layi na biyu

Na yi shekaru ina aiki a ƙaramin gidan rediyon garinmu, Filinge, ba tare da na iya karatun boko ba. Aikina kaset ne: in sa, in cire, in naɗe zaren da alƙalami idan ya warware. A shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki aka kawo mana kwamfuta, aka turo wani malami daga Yamai ya koya mana aiki da ita. Da na ga komai na cikinta rubutu ne, sai na shiga makarantar manya da yamma, wadda a wurinmu ake ce wa lakwal, ga furfura ta fara fito mini a gemu. Ban gaya wa kowa ba sai matata.

Malamin kwamfutar mai haƙuri ne. Ya nuna mini yadda kowane sauti ke samun layinsa a kan gilashin, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya kamar kunyoyin gona. Kana iya yanke tari daga maganar mutum, ka ɗaga wannan layi ka danne wancan, ko ka rufe bakin kowa ka bar guda shi kaɗai. Da hannuna ya saba, sai ya ce aikina na farko shi ne waƙar daka. Aka aika ƙauyen Tabla a kirawo matan da suka iya, kuma wadda ke ba su waƙa ita ce uwar matata.

A wurinmu mutum ba ya zama ɗaki ɗaya da surukarsa. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban san kalar idonta ba. Idan na hango ta a hanya, in tuɓe takalmi in durƙusa daga nesa. Ranar ɗaukar, malamin ne ya jera musu makirufo a tsakar gida: ɗaya kusa da turmi, ɗaya a bakinta, ɗaya ga masu amshi. Ni ina ciki na rufe ƙofa.

Washegari ya bar ni da aikin. Na sa abin ji a kunne, na rufe layin turmi da na amshi, na bar nata. Sai ga tsohuwar nan a cikin kunnena, numfashinta, haɗiyar yawunta, kamar ta jingina da kafaɗata. Na cire abin, na leƙa waje ko wani na kallona, na dawo na mayar. A tsakiyar waƙar na ji ta ce:

"Mijin ɗiyata ya sai allo,
furfura ta tahi lakwal,
alli ya ka da mai hauya."

Ashe matata ta kai labari gida. Wannan waƙar duk ƙasar Kurfai za ta ji ta, har Imanan, kuma kowa ya san ɗiya ɗaya ta aurar a Filinge. Yanke wurin ba zai yiwu ba, don bugun taɓarya zai yi tsalle a gane. Sai na yi abin da aka koya mini: daidai baitin na ja muryarta ƙasa, na ɗaga turmi. Ana jin tana rerawa, amma ba a jin abin da take cewa. Malamin ya saurara ya ce aiki ya yi tsabta. Bazabarme ne, Hausarsa ba ta kai ga waƙar daka ba.

Kafin a sa a iska, matan suka dawo su ji. Surukata ta zauna kan tabarma a waje, bayanta ga taga. Ƙanwar matata, wadda dama abokiyar wasata ce, ta tsaya a bakin ƙofa tana kai magana tana kawowa. Da aka zo wurin, tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Ke, tambayi mai ƙarfen ga, wa ya cinye mini baki nan?"

Ƙanwar ta leƙo tana danne dariya. "Ɗan lakwal, ka ji Inna. Ko sai an rubuta maka a allo?"

Na ce, ina kallon ƙasa, "Ce mata turmin ne ya yi ƙarfi."

"Turmin ga tun ina amarya nike daka cikinai," in ji tsohuwar, "bai taɓa hi na murya ba. Gaban mata na rera abina, ban ɓoye ba. A maido mini."

Malamin ya dube ni, bai gane abin da ke faruwa ba. Ya ce, "Baba, ɗaga layi na biyu kawai, ai ka iya."

Na iya ɗin. Na kama linzamin kwamfuta, na ja layin sama zuwa inda yake da farko, na sake kunnawa. Matan suka kwashe da dariya har wata ta faɗi kan ƴar'uwarta. Surukata ba ta yi dariya ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce wa ƙanwar matata, "A ƙara kaɗan." Na ƙara.

Ni da kaina na sa waƙar a iska ranar kasuwa. Kafin la'asar mahauta sun haddace ta, suna buga wuƙa a kan katako maimakon taɓarya. Na bi ta bayan rumfunan gishiri na fita, allona a cikin riga. Da na shiga aji, sai ga wani dattijo a baya yana motsa ƙafa a hankali daidai bugun turmi. Malamar ajinmu ta miƙo mini alli ba ta dube ni ba, ta ce yau ni zan fara fitowa gaba.