Babban Yatsan Alhaji

A duk gaɓoɓin ɗan'adam babu wadda ta kai babban yatsan ƙafa haɗari, kuma ni shaida ne. A shekarar da soja suka koma bariki ina koyar da Hausa a wata sakandare, ina zaune a Dukawuya, ina ganin duniya ta makara wajen gano baiwata. Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ta shirya wasan barkwanci a dandamali, labarin wani attajiri da ke neman budurwa da tinƙahon dukiya, aka ba ni attajirin.

A lokacin ina neman auren 'yar wani Alhaji ɗan kasuwa a Jakara, magana har ta kai ga manya. In na je gaishe shi a zaure nakan tsuguna, idona a ƙasa kamar yadda kunya ta tanada. Saboda haka ban san fuskarsa sosai ba, amma na haddace ƙafarsa. Duk sanda aka yabe shi, bakinsa na istigfari, babban yatsansa na rawa a kan darduma. Wannan rawar na ɗauka na kai dandamali. Na ce wa kaina 'yan kallo na nesa, wa zai ga yatsa? Na manta da mai kyamara, wanda ya janyo yatsan har ya cika talabijin. Kafin wata guda kaset ya zaga gidajen cikin gari.

Da na je zance yarinyar ta fito, ta gaishe ni da Malam maimakon sunan da ta saba. Ta ce wasa ya yi kyau, har ta yi dariya kafin ta gane. Sannan ta tambaye ni, duk tsugunon da nake yi wa Baba gaisuwa ce ko ɗaukar darasi. Na kawo mata bayani kan hikimar kwaikwayo, irin wanda nake cika allo da shi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a gaida gida. Bayan sati biyu aka maido da kaya.

Na daɗe kafin na yarda tana da gaskiya. Mutumin da ya bar ka ka zauna kusa da shi amana ya ba ka, ko da ta yatsa ce. Masu sha'awar dandamali, ku nemo abin dariyarku nesa da zauren da aka karɓe ku.

Alhajin kuwa har ya rasu yana kunna wa baƙi kaset ɗin, yana rantsuwa wai maƙwabcinsa ne na kwaikwaya.