Ɗigon Ƙafa ta Ɗaya

Mudi mai gyaran rediyo ya shekara ashirin a rumfa ɗaya a bakin kasuwar Tudun Wada. Kayan aikinsa ba su da yawa: sukudireba uku, mitar gwajin wuta mai tsagaggen gilashi, dalma, da ƙarfen liƙi da yake ɗorawa a kan garwashi. Tun daga Burumburum ake kawo masa gyara. Ya saba da kayan rediyo masu dogayen ƙafafu, waɗanda ake zurawa a rami a liƙe ta baya, ko da laluɓe ya san inda kowace ƙafa take shiga.

Da daminar 1996 wani makiyayi daga wajen Falgore, mai suna Dikko, ya kawo wata 'yar rikoda. Ƙanensa ne ya aiko da ita daga Jidda, haɗe da kaset ɗin da ya yi wa mahaifiyarsu magana a ciki. Sau biyu tsohuwar ta saurara, rikodar ta ɗauke.

"Malam Mudi, Inna tana kwance," in ji Dikko. "Kullum sai ta ce a kunna mata muryar ɗanta."

Mudi ya buɗe, ya bi da mita har ya gano matsalar. Wani baƙin abu ne da masu gyara ke kira aisi, bai kai ƙwayar wake ba, da ƙafafu goma sha shida sirara kamar gashi, a manne a saman koren allon rikodar, babu rami ko ɗaya. Bai taɓa taɓa irinsa ba. Da ƙyar ya ɓamɓare shi, ya ƙunshe a takarda, ya hau mota zuwa Kano.

Sai a shago na biyar ya samu irinsa, shi ma guda ɗaya ya rage. Mai shagon ya ce, "Baba, ka kula da ɗigon da ke kansa. Ƙafar da ke kusa da ɗigon ita ce ta ɗaya, a saitin farar alamar allon take zama. In ka juya shi, ya ƙone."

Washegari Mudi ya zauna aiki. Farar alamar dai ya gan ta. Ɗigon ne ya gagara. Shekara biyu ke nan idonsa yana yi masa hazo-hazo, bai faɗa wa kowa ba. Ya fito da abin rana, ya matso da shi, ya nesanta, sai yake ganin kamar ɗigo biyu, kowane kai da nasa. Ya yi ƙoƙarin tuna yadda tsohon aisin ya fuskanta, abin bai zo ba. Ya yi bisimilla, ya zaɓi wanda ya fi fitowa.

Daga hantsi har la'asar yana liƙa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Yana sa batir, wari ya taso, aisin ya tsage a tsakiya.

A gida matarsa Zuwaira, mai ɗinkin hula, ta ga bai taɓa tuwo ba. Ya miƙa mata abin, ya ba ta labari. Ta ɗaga shi sama, ta bi kansa da tsinin allura.

"Ai wannan faffaɗan tabo ne kawai, Malam. Ga ƙaramin nan a lungu, shi ne mai zurfi, har allura tana tsayawa. Me ya hana ka nuna mini?"



Ranar kasuwa Dikko ya dawo. Bayan sun gaisa Mudi ya ce, "Ni na ƙona ta da hannuna. Idona ne bai gani ba." Ya ɗauko tsohuwar rikodarsa ta rumfa, ya sa kaset ɗin a ciki, ya tura masa.

Dikko ya daɗe yana kallonta. "Inna za ta gane ba ita ba ce," ya ce. Amma ya naɗe ta a mayafinsa, ya tafi.

Mudi ya je asibiti aka ba shi tabarau, suka ɗan taimaka. Daga nan ba ya cire aisi sai ya zana fuskarsa a takarda, sabon kuma sai ya kai gida Zuwaira ta ɗiga masa alli a ƙafa ta ɗaya. Sai dai kowace shekara kayan suna ƙara ƙanƙancewa, hannunsa kuma ya fara rawa. Masu sababbin rediyoyi suka koma kai gyara Kano. Zuwa 1999 yawancin abin da yake yi a rumfar nan sayar da batir ne da gyaran tocila, in an kawo sabuwar rediyo sai ya juya ta a hannu, ya faɗa wa mai ita shagon da zai je.