Falmata da Kifin Tafkin Doka

Cikin duk shekarun da na yi ina biya wa yara allo, safiyar da uwar Falmata ta shigo mana makaranta ita ce ta ƙi fita daga raina. Ku gardawan da aka ba ƙananan yara bana, ku matso ku ji.

Lokacin ina gardi kamarku, a makarantar Alaramma Malam Jibo, a wani ƙauyen masunta cikin fadamar Haɗeja. Alaramma yana zama da manya masu tilawa, gardi kuwa shi ake miƙa wa kolaye, wato ƙananan da ba su gama gane baƙi ba. Nawa duk 'ya'yan gari ne. Sukan zo da asuba, kowa da ɗan karan hura wuta, su koma gida in rana ta ɗaga. Bayan biya allo, aikina ne in koya musu alwala, in kuma sanar da su zunubi.

Yadda muka gada ake yi, ka kama hannun yaro ka kai shi kusa da garwashi. Ba ƙona shi za ka yi ba, ya dai ji zafi ya fizge. Sai ka ce, "To, wannan ruwan sanyi ce a kan ta gobe." Sannan ka lissafa masa abin da ke kai mutum can.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Kowane malami ya san ba a rubuta wa yaro zunubi sai ya balaga, alƙalami bai hau kansa ba. Amma ran da aka ba ni kolaye, Alaramma ya ja ni gefe ya ce, "Habu, wannan babin ka bar shi sai sun girma. In suka sani yanzu, ba mai iya zaman garin nan."

Ni kuwa Allah Ya ba ni baki wajen bayanin wuta, har mata masu zuwa ɗiban ruwa kan tsaya bayan danga su saurara. Wata safiya na yi musu babin cin haram. Na ce duk wanda ya ci abin da aka samo ba bisa halal ba, naman da ya tsiro masa a jiki makamashin wuta ne. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

A nan sai in bayyana wa waɗanda ba 'yan fadama ba. In kogi ya janye bayan damina, yakan bar tafkuna cike da kifi. Sarkin Ruwa sai ya sa musu doka, ba mai taɓawa sai ranar su na gari duka. Wanda aka kama ya riga, a karɓe komarsa da gorarsa.

Aka ɗan kwana biyu, sai ga matar Bukar masunci ta shigo riƙe da 'yarta Falmata, wadda ko haƙorin fari ba ta zubar ba. Yarinyar ta rame, idanu sun faɗa.

Uwar ta durƙusa ta ce, "Allah gafarta Malam, yarinyar nan ta ƙi abinci sam, sai ruwa. An yi turare, an sha rubutu, ba ta canza ba. Ni dai na ce ko a makaranta ta ji wani abu."

Rubutun ma ni na rubuta shi.

Alaramma ya sallami sauran yara, ya tambaye ta a hankali. Ta ce, "Baba yana zuwa tafkin doka. Kifinmu na wuta ne. Geron ma da kifin aka musanyo."

Uwar ta sunkuyar da kai. Alaramma ya ce, "To, ki ci na gidana."

Ta ce, "Ai ni na kawo muku ran Laraba."

Haka ne kuwa. Tarwaɗa ce babba Bukar ya aiko sadakar Laraba. Alaramma ya ci tsakiya, ni na ci kai. Ba wanda ya dubi wani a cikinmu.

Alaramma ba zai ce haram ta zama halal ba, yarinya kuwa in aka bar ta haka, kabari za ta. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Falmata, zan gaya miki abin da ba a gaya wa yara. Ke ba a fara rubuta miki zunubi ba. Alƙalami bai hau kanki ba sai kin girma. Je ki ci abincinki."

Ta juyo gare ni. "Malam, da gaske ne?"

Na ce da gaske ne.

"To, ɓoye gaskiya ba zunubi ba ne?"

Alaramma ya ce, "Na Habu ne wannan. Shi ya balaga."

Ta yi shiru, sai ta ce, "Baba fa? Shi ya hau kansa?"

Alaramma ya ce, "Shi kam ya hau."

Ba ta ƙara cewa komai ba, ta kama hannun uwarta suka fita. Muka ɗauka an gama.

Bayan la'asar sai ga Bukar da komarsa a kafaɗa. Ya zauna a zaure, ya ba mu labari da bakinsa. Da aka ajiye masa akushinsa da rana, Falmata ta tsallake nata ƙoƙon, ta zauna gaban akushin ta hau ci, tana tusawa har tana ƙwarewa. Ya ɗaga hannu zai make ta, sai ta ce, "Baba, ni ba a rubuta mini. Bari in riƙa cinye maka."

Ƙaton mutum ne Bukar, wanda kan yi kokawa da giwan ruwa, amma a zauren nan kuka ya yi kamar kolo. Ni ma na yi, ba na jin kunyar faɗa. Daga nan ya wuce ya miƙa komarsa ga Sarkin Ruwa da hannunsa. Alaramma ya raka shi, ya roƙa aka yarda za a mayar masa ranar su, ya kuma ciyar da gidan daga rumbunsa har ranar ta zo.

Washegari ba kolon da bai ji labarin alƙalami ba. Ƙwan zabbin liman ya yi ta ɓacewa na ɗan lokaci, amma garin bai tashi ba.

Ni dai tun daga ranar da babin rahama nake farawa, wuta ta biyo baya. Babba yakan ji wa'azi ya ɗauki rabi, ya bar wa maƙwabcinsa rabi. Yaro duka yake ɗauka, kuma gida yake kai shi. Kafin ku kai hannun kolo kusa da garwashi, ku tuna ba kansa kaɗai zai ji wa tsoro ba.