Dangwale Huɗu Kafin Injina Ya Tashi

Ranar da motar kasuwar Shinkafi ta sauke injin niƙata a ƙofar gidanmu a Ƙaura, na manta da cewa ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar. Guɗa na rangaɗa daga tsakar gida, har maigida ya leƙo daga zaure ya ce, "Ke, biki aka yi?" Na ce masa wanda ya fi biki. Shekara nawa ina kiwon tumaki saboda wannan rana! Yayana da ke harkar dabbobi a Shinkafi shi ya sayar mini da su, shi ya zaɓo injin, kore shar, ana jin ƙamshin fenti tun daga nesa.

Ɗakin da ke gefen zaure muka ware masa. Birkila ya zo ya fasa bango ta wajen titi, ya kafa ƙofa, don masu kawo niƙa su riƙa shigowa ba sai sun ratsa cikin gida ba. Ni kuwa na yi abin da na ga iyayena suna yi in za su fara sana'a: na soya waina, na aika gida-gida sadaka. Kowane kwano ya dawo da "Allah ya sa albarka, Allah ya kawo kasuwa." A wurina magana ta ƙare, unguwa ta ba da izini.

Kwana biyu da haka sai ga mutum biyu a kan babur daga sashen tsara gari na ƙaramar hukuma. Kafin maigida ya fito sun shafa jan fenti a jikin sabuwar ƙofata. Sabuwa dal! Na laɓe bayan labulen zaure ina sauraro.

Babbansu ya yi bayani a natse. Ya ce wannan unguwar zama ce, ba kasuwa ba. Mace ta sayar da fura ko ƙuli-ƙuli a cikin gida, ba ruwan kowa. Amma inji mai ƙara da hayaƙi, ga kuma ƙofa an fasa zuwa titi, sai da takarda. Kada dakalin ƙofar ya hau kan kwata. Kada a jingina injin da bangon ɗakin kwanan wani. A kashe shi lokacin salla, kada ya wuce magariba. Sannan duk gidan da bangonsa ya taɓa namu, da na gaba da mu, sai mai shi ya sa hannu ko ya dangwala cewa ya yarda, mai unguwa ya shaida.

Haƙurina ya ƙare, na ce daga bayan labule, "Yallaɓai, ai duk sun yarda. Har albarka sun sa!"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, albarka ba ta shiga fayil."

Haushi ya kama ni, amma da suka tafi na duba takardar, sai murna ta dawo. Gida huɗu ne kacal. Mene ne gida huɗu? Na ce kafin la'asar na gama, gobe inji ya tashi. Na yafa hijabi na fita da takarda da ɗan kwalin tawada.

Gidan telan da ke gabas da mu, ko zama ban yi ba ya sa hannu. Matar direban da ke yamma ta kai wa mijinta, ta dawo tana tsokanata wai niƙan farko kyauta ne. Malamin makarantar da ke fuskantarmu sai da ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya gyara tabarau, ya sake karantawa, sannan ya zana wani sa hannu mai tsawon igiya. Uku ke nan, tafiya nake kamar ba na taka ƙasa.

Saura gidan bayanmu, na wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Daga Kurya Madaro ta taso shekarun baya, lokacin da zama can ya gagara, ita ce kuma mai gidan tunda mijinta ya rasu. Na same ta a tsakar gida. Muka gaisa, na miƙa takarda ina ta zuba labarin inji.

Ta ce, "Hannuna da ruwa, ɗiyata. Ki dawo gobe."

Gobe ta yi, ta ce kanta na ciwo. Jibi aka ce ta tafi barka. To, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ma'anar "ki dawo gobe" in ta kai uku. Na dawo gida ina huci. Injina na zaune a rufe da buhu, bakanike ya zo sau biyu ya koma, ga jan fenti kullum yana kallona. Na ce wa maigida, "Ita da ta ci wainata har ta sa albarka? Hassada ce kawai!"

Gwaggon maigida tana gidan a lokacin, ta zo ganin likita. Ta ɗago kai daga tsintar wake ta ce, "Wa kika taɓa ji an kai wa sadaka ya ce Allah ya hana? Ke dai kin cika gaggawa. Da mi tsohuwar nan ke cin abinci?"

Sai a lokacin na tuna. Dakau take yi. Gidaje ke kai mata gero da dawa, ta surfa, ta wanke, ta daka gari, su ba ta ɗan abin da ya samu. Na sani sarai, ni kaina na sha aika mata. Amma wallahi tun da na fara mafarkin inji, ko sau ɗaya tunanin nan bai zo mini ba. Kunya ta rufe ni.

Washegari na koma ba takarda. Na zauna a tabarmarta, na ɗauki faifai na taya ta bakace. Da ƙyar na ce, "Inna, na yi laifi. Ban duba ba."

Ta ajiye faifanta. Sannan ta ce, "Ba hana ki nika son yi ba. In ba ki kawo inji ba, wani zai kawo. Amma kin aiko yaro da waina, kin zo da takarda a tsaye. So nike ki zamna ki dube ni, ki san abin da kika ɗauka." Na ce injina niƙa kawai yake yi, ba ya surfe, duk mai son surfe wurinta zan turo. Ta ce, "Allah shi sa. Tahi ki ɗauko takardarki."

Da gudu na je, da gudu na dawo, har takalmina ɗaya ya fita a hanya. Na buɗe tawada, ta danna babban yatsanta, ta dangwala. Na ɗaga takardar ina murmushi, sai na ga tabo ne kawai, sumul, babu zane ko ɗaya. Muka sake, haka. Muka gwada na hagu, haka.

Ta kalli yatsun ta yi dariya ta ce, "Taɓarya ta cinye su tuni. Na'urar zaɓe ma ba ta san ni ba."

Sai da mai unguwa ya rubuta a gefe cewa a gabansa ta tabbatar hannunta ne, sannan ofis suka karɓa. Aka goge jan fenti. Ranar Asabar da hantsi bakanike ya ja igiya, inji ya yi tari sau biyu ya kama, unguwa ta ɗauka! Yara na tsalle, matar direba na guɗa, ni ina dariya gari ya rufe mini gira. Kwanoni suka yi layi har bakin kwata.

Can wajen azahar na kai kan wani tsohon kwanon samira da aka ɗaure da ƙyalle. Na tambayi mai shi, aka ce na Inna ne, dawar tuwonta ce, ta ce a niƙa mata da laushi, yau kafaɗunta za su huta. Na juye dawar a inji, na juya wa mutane baya, don kada su ga idona.