Rizab Daga Karakkai Zuwa Gusau

A majalisarmu ta gindin darbejiya babu gardamar da ta kai ta rizab tsawon rai. Wanda bai taɓa riƙe kan babur ba, rizab shi ne ɗan man da ke kwance a gindin tanki, wanda ba ya saukowa sai ka murɗa makunnin da ke ƙasa. Kowa da ƙaryarsa a kan nisan da yake kaiwa. Wani ya ce Mada, wani ya ce Tsafe. Ni da karatuna bai wuce in gane harafin da ke jikin makunnin ba, cewa nake nawa yana zuwa Tsafe ya dawo har a ɗebi na kunna wuta.

Mai ɗakina taubashiyata ce, tun muna yara muke tsokanar juna, aure bai raba mu da halin ba. A shekarun nan cutar yana ta rufe mata ido biyu, har ta kai sai da lalube take gane tukunya. Wata safiya a cikin damina ɗanmu da ke Tudun Wadar Gusau ya bugo waya, ya ce likitocin ido sun zo Gusau suna cire yana kyauta, kuma yau da azahar za a rufe ba da kati. Ya ce in ya nemi mota ya zo ya koma lokaci ya ƙure, in ɗauko ta kawai.

Na ce an gama. Abin da ban faɗa ba shi ne tun ranar kasuwa babur ɗina yake kan rizab. Na girgiza shi na kara kunne, na ji ɗan motsi kamar sauran koko a gindin kwano. A lokacin kuwa an hana sayar da mai a galan, 'yan bumburutu duk sun ɓace daga bakin hanya. Na ce a raina in mun kai Bungudu na sha a gidan mai.

Ta hau, ta ɗaure gyalenta, ta riƙe kariya, ƙarfen ɗaura kaya na baya, da hannu biyu. Ta tambaya ko akwai mai, na ce mata har da na sadaka.

Gidan man Bungudu a rufe muka same shi, an gitta igiya, awaki na kwance a gindin famfo. Ban tsaya ba, na wuce abina. Daga nan na fara dabarun da talauci ya koya mana. In an zo gangara sai in kashe inji in bar babur ya zuba da kansa. Ta ce me ya sa muka yi shiru, na ce ina hutar da injin ne don kar ya yi zafi. Ta ce ita dai ta san tsoho ake hutarwa.

Mun yi nisa, gero na gilmawa dama da hagu, sai na ji ta dafa kafaɗata.

"Malam, kukan babur wanga ya sake. Yunwa shika ji."

Ban gama rantsuwa ba ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Na kai hannu ƙasa na murɗa makunnin, duk da na san babu sauran inda zai murɗu. Ta ji ƙarar, ta ce in daina wahal da kaina, tun daga gida ba ta ji ƙamshin mai ba da na buɗe tanki.

Na sauke ta a inuwa na kwantar da babur a gefensa na hagu, kamar ragon layya. Tankin babur yana da ciki biyu, kuma ɓangaren da babu makunni yakan ɓoye ɗan mai, sai an kwantar da shi yake tsallakowa. Na tashe shi, na buɗe marfi, na kafa baki na hura iya ƙarfina. Wasu mata masu zuwa gona suka tsaya suna kallon dattijo da gemu yana sumbatar tanki. Ɗaya ta tambayi mai ɗakina ko lafiya, ta ce musu tofi nake yi masa.

Na buga kiki, ya tashi. Ban taɓa jin sautin da ya kai wannan daɗi ba. Muka ci gaba a hankali, ba na jan totur sai kamar mai shafa kan jariri. Sau biyu muka sake wannan kwanciya da huri, a na ƙarshe abin da ya sauko bai kai mu ko'ina ba. Ga rufin kwanon Gusau na hange yana ƙyalli, ga rana ta kusa tsakiya, babur ya ce shi fa nan ya tsaya. Ga mai son sanin gaskiyar nisan rizab, to wannan ne: yana kai ka inda za ka hango gari.

Na tare 'yan kabu-kabu, duk da kaya ko da mutum biyu. Waya kuma ta ƙi shiga. Na ce ta hau in tura ta, ta ƙi, ta ce ba za ta shiga birni a kan mataccen babur ba. Ta kama kariya ta baya, ni na kama kai, muka taka. Babur ya zama ɗan jagora. Ina turawa ina haki, ita tana bina tana lissafa wa Allah halayena ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Can kuma sai ta ce a hankali in ƙara sauri, ita ba ta gaji ba. Daga nan ban sake wasa ba.

Ana kiran sallah muka shiga ƙofar asibitin. Ɗanmu yana tsaye yana roƙon mai ba da kati, mutumin ya riga ya tattara kayansa. Ya dubi ƙurar ƙafafunta, ya dube ni jiƙe da gumi ina warin fetur, ya koma ya zauna ya tambayi sunanta.

Ido ɗaya aka yi mata, aka ce ɗayan sai sun dawo. Kashegari da safe ina tsaye a gefen gado nas ta cire bandeji. Ta daɗe tana ƙifta ido, ta dubi tafin hannunta, ta dubi ɗanta ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro. Sannan ta juyo kaina, ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi.

"Ke 'yar nan, wane na wanga tsoho? Ni mai baƙin gemu nib bari."

Na ce mata tsohon da ya turo ta ne, in ba ta so a mayar da bandejin. Ta kama hannun rigata ta ce in matso kusa da taga, ba ta gama gani ba.