Ramin da Saratu ta tsare da yaran unguwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Saratu, kuma wallahi ban taɓa jin rashinta kamar a wannan daminar ba. Maƙwabciyata ce a nan Kontagora, katanga ɗaya ta raba mu. Ita Kirista ce 'yar wajen Rijau, ni Musulma haifaffiyar gari, amma gishiri da ashana ta saman katangar nan suke wucewa kullum.

Bayan gidajenmu akwai rami, zaizayar ruwa ce ta haƙa shi. Lokacin da aka kawo ni gidan nan, yaro ma tsallake shi yake yi. Da ya fara faɗi, mazan unguwa suka yi taro har suka gaji, kowa na cewa aikin gwamnati ne. Saratu ta ce, "To, ku bar ni da yara."

Dariya muka yi mata, amma matar nan da gaske take. Duk yaron da ya sha ruwan leda, sai ya kai mata ledar. Su yanke bakin, su cika da ƙasa da kashin awaki, su tura ƙwallon kashu ko irin dogon yaro. Ruwan wanke shinkafa ba ya zuba a banza, har na alwalata a baho suke tarewa su yi ban ruwa. Da ruwan farko ya sauka, sai ta tasa su gaba zuwa kan ramin, can bayan gidan ƙarshe inda daji ya fara, domin a cewarta daga can yake samun ƙarfi. Su dasa itatuwan, su jera gamba a gefe, su kwashe sharar da ta toshe kwalbati. Ga ta da tsiya! Ranar da ta kama ɗana Bashir yana ƙona leda, cewa ta yi, "Kai, sarkin hayaƙi! Hancin wa ka tanadar wa wannan?" Har yau ba ya iya ƙona leda.

Ramin bai cike ba, kada in yi ƙarya. Amma ya tsaya inda yake tsawon rayuwarta.

Da za ta leƙo yau, ban san da wane baki zan yi mata bayani ba. Zafin bazara ya zama abin da tsofaffi ke faɗuwa saboda shi. Ruwa ya yi ta jan rai, ranar da ya tashi zuwa kuma ya zubo gaba ɗaya kamar an kifar da randa. 'Yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Kasuwan Garba sun cika bayan gari, dole su dafa abinci, itatuwan yara da yawa sun shiga murhu. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu uwar da za ta yarda ɗanta ya je bakin daji yanzu. Da na yi wa Bashir maganar a sake kai yara dashe, shi da ya zama uba, sai ya ce, "Umma, itace ya fi mini 'yata ne?" Ni ma ko kantin unguwa aka aiki yarinyar, hankalina ba ya kwanciya sai ta dawo.

Makon jiya ana ruwan la'asar muka ji wata ƙara, ƙasa ta girgiza. Katangar bayan gidan Saratu ce ta rufta cikin ramin, da turken awakin jikokinta. Da na koma ɗakina sai na ga tsaga a bango, yatsana na shiga ciki. Innalillahi! A ɗakin nan na haifi 'ya'yana duka, kuma ba mu da wani wurin zuwa.

Jikata Hauwa, 'yar Bashir, ta tsaya tana kallon tsagar tare da ni. Ba ta san Saratu ba, labarinta kawai take ji a bakin ubanta, amma ta jera ledojinta a gindin randa, duk sun tsiro. Ta ce, "Kaka, idan ba a dasa su ba mutuwa za su yi. Idan ke kika ce a je, Baba zai yarda."

Abin da ya rage na Saratu ke nan. Gefen da gambarta ta kama har yau bai motsa ba, ga kuma yarinyar da ba ta taɓa ganinta ba tana aikinta. Amma ita a zamaninta rami kaɗai take tsoro. Ni an bar ni da tsoro biyu, kuma dole in zaɓi wanda zan iya ɗauka.

Na bi gida-gida na roƙi iyaye. Yawancinsu sun ba ni haƙuri. Bashir ya yi ta juya maganar, a ƙarshe ya ce zai zo da fartanyarsa ya tsaya ta ɓangaren daji, mu yi mu gama da hantsi. Ranar Asabar za mu je. Na ce wa Hauwa babu abin da zai faru, kuma Allah ya sani, ni kaina ban tabbata ba.