Ranar da Na Sa Alhaji Ilu Ya Yi Waƙa

Cikin shekaru ashirin da shida da na yi a sashen al'adu na ƙaramar hukuma, akwai wata Talata da har yau ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka kama aiki kwanan nan gara ku ji labarin daga bakina, kafin wani ya ba ku shi a karkace.

Aikin jami'in al'adu, ga wanda bai sani ba, shi ne rajistar makaɗa da mawaƙa da masu sana'o'in gargajiya, da adana abin da suka yi kada ya ɓace. Ina matakin albashi na takwas lokacin da shugaban sashenmu ya kawo takarda daga sama, cewa a nemo tsofaffin kaset a juye su a kwamfuta. Ƙa'idar ba wuya: ka je wurin mai waƙa, ka karanta masa fom, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ka juye kaset ɗin, ka mayar masa da kayansa. Daga nan a ɗora a intanet, wai don duniya ta san da mu.

A wani ƙauye bayan duwatsun Roni akwai Alhaji Ilu, tsohon mawaƙin noma. A zamaninsa, in ya buɗe baki a wurin gayya, ko rago sai ya kai ƙarshen kunya. Da ya dawo daga Makka, ya miƙe a masallacin garinsu bayan sallar Juma'a, ya rantse da Allah cewa shi da waƙa har abada. Ya kuwa riƙe. Wannan ya sa garin ya ɗauke shi mutum mai magana ɗaya, har ta kai in rikicin iyakar gona ya tashi, inda Alhaji Ilu ya nuna nan ne iyaka.

Sau uku ina hawa babur ina zuwa wurinsa. Ya ce mini shi niyyarsa ma ya ƙona kaset ɗin. Ni kuwa Allah ya ba ni zaƙin baki, na yi ta kawo masa zancen tarihi da jikoki har ya gaji. A zuwa na uku ya fito da su cikin wani tsohon kwando, ya ce, "Sabo, ba don takardarka zan ba ka ba. Don ubanka ne, mun yi noma tare." Ya dangwala yatsa. Na koma ofis ina jin kaina, har aka yaba mini a taron wata.

Shekaru suka wuce. A daminar bara sai ga wata waƙa ta cika wayoyin mutane, daga Kazaure har kasuwar Kanya Babba. Muryar Alhaji Ilu ce tsaf, yana wasa wani mai neman kansila, yana yi wa abokin takararsa zambo har da taɓa mahaifiyarsa. Wanda aka zaga ɗan garinsu ne. Ina ji na gane aikin ƙirƙirarriyar basira ne, wadda ake ce wa AI. Manhaja ce da za ka ba ta tsofaffin waƙoƙin mutum ta koyi muryarsa, sai ka rubuta mata abin da ka ga dama ta rera. Na kuma san inda ta samu muryar, tunda ni na ɗora ta.

Gari ya ɗauka Alhaji Ilu ya koma gidan jiya. Shekara goma sha takwas yana riƙe da rantsuwarsa, aka wayi gari yana gaida mutane suna amsawa a daƙile. Dagaci ya kira zama a zaurensa ranar Talata da hantsi, ofishinmu ya tura ni a matsayin wanda ya san kan abin.

Na yi bayani iya yina. Dattawa suka zuba mini ido kamar ina karanta musu takardar asibiti. Malam Haruna, kawun wanda aka zaga, ya tambaye ni ko kwamfuta ce ta san yadda Ilu ke jan numfashi kafin amshi. Na ce ta sani. Aka yi dariya. Alhaji Ilu ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, Malam Haruna ya ce ai rantsuwar tasa ce ake tuhuma. Wani ya ce kowa na jin yadda muryarsa ta dishe, aka ba shi amsa cewa muryar magana daban, ta waƙa daban.

A nan ne tunanin ɗan ofis ya motsa mini. Mu an koya mana in takarda biyu sun saɓa, a ajiye su gefe da gefe a gwada. Ban ko yi tunani ba na ce, "Ranka ya daɗe, ai abin da sauƙi. Baba ya rera baiti ɗaya, kowa ya ji bambanci."

Liman ya ɗago ya dube ni, a lokacin na gane abin da na faɗa, amma magana ta riga ta fita. In Alhaji Ilu ya rera, ya karya rantsuwarsa; in ya ƙi, a ce ba shi da gaskiya. Malam Haruna ya gyara zama ya ce shi ma abin da yake so ke nan.

Alhaji Ilu ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya ɗauko wata tsohuwar waƙar gayya. Muryar ta fito a karye, ba ta ko kai rabin baiti ba tari ya sarƙe shi. Ya sake ɗauka, ta sake mutuwa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Malam Haruna da kansa ya ce ya isa, ya nemi gafara. Dagaci ya wanke Alhaji Ilu a gaban kowa, Liman kuma ya ce masa abin bai wuce kaffara ba, ya ciyar da miskinai goma.

Alhaji Ilu ya mayar da hularsa, ya ce, "Allah gafarta Malam, zan yi. Amma da safe da na shigo nan ƙarya ake yi mini. Yanzu kuwa kowa shaida ne, na yi waƙa."

Na koma na rubuta rahoto shafi huɗu a kan haƙƙin mallaka, na kai wa lauyan ofis. Ya karanta, ya tambaye ni wa za mu kai ƙara. Ban san wanda ya haɗa waƙar ba, har yau ba a sani ba. Lauyan ya ce baitocin ba na Alhaji ba ne, kiɗan ba nasa ba ne, murya kawai aka ɗauka, ga kuma fom ɗina da yatsansa a kai ya yarda a watsa. Na sauke waƙoƙin daga shafinmu, amma sun riga sun shiga dubban hannaye. Rahoton yana cikin fayil.

Alhaji Ilu ya yi kaffararsa. Amma tun daga ranar, ko an aiko kiransa shaidar gona ba ya zuwa, kuma a masallaci ya koma sahun baya. In na je gaishe shi yakan amsa da fara'a, ya tambayi iyali. Da ma zagina yake yi, da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya shi ne, mutanen da muke zuwa wurinsu ba fom suke sa wa hannu ba, fuskarmu suke duba. Mu kuwa ba mu da abin da za mu kare su da shi, ba doka a hannunmu, ba wanda za mu kama. Watan jiya wata sabuwar waƙa ta fito da muryarsa, tallan maganin ƙwari. Wannan karon ba wanda ya kira zama, kowa ya san ba shi ba ne. Suna dai saka ta a shaguna saboda muryar da daɗi, shi kuma ta gaban shagunan yake bi ya tafi masallaci.